HOTUNAN KAKANNI: KADA A BARI GARA TA CINYE SU

A cikin watan Maris na 1903 ne Turawa suka ci Sakkwato, kuma ba bindiga kaɗai suka zo da ita ba, har da na'urar ɗaukar hoto. Daga wannan lokaci hotunan mutanen ƙasar Hausa suka fara yawaita. An ɗauki sarakuna da yawa, kamar a hawan dabar Kano na 1925, da ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ya kai Ingila a 1934 tare da sarakunan Kano da Gwandu.

Duk wanda ya dubi waɗannan hotuna da idon basira zai ga rigar tsamiya da saƙi da barage, da ɗinkin aska takwas, da rawanin turkuɗi. Wannan shaida ce ta gwanintar masaƙa da marina da maɗinka na wancan zamani.

Amma fa akwai abin lura. Sarakuna an rubuta sunayensu; talakawa kuwa sau da yawa sai a rubuta "Bahaushe ɗan kasuwa" kurum, ba suna, ba gari. Kuma mai ɗaukar hoto yakan zaɓi abin da yake so a gani. Haka aka yi wa mutanen Nuu-chah-nulth na tsibirin Vancouver a Kanada, waɗanda Edward Curtis ya buga hotunansu a 1916 sanye da tufafin ɓawon itace, alhali a lokacin sun riga sun saba da tufafin kanti.

Saboda haka hotunan da ke cikin gidajenmu, a Tsibiri da Talata Mafara da Bakura da Maradun, suna da daraja ta musamman, domin akwai dattawan da za su iya faɗin sunan mai hoton da na mahaifinsa. Mutanen wannan yanki sun san yadda abu kan ɓace: madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta shafe gonaki da gidaje, ta tashi jama'a masu yawa.

Muna kira ga masu karatu su fito da tsofaffin hotunansu, su tambayi dattawa, su rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane ɗaya. Sa'an nan a kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna, tun dattawan nan suna raye.