Robar Teflon Iri-Iri Ce: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Sau da yawa abin da kan tsayar da aiki cik a masana'anta bai wuce 'yar washa ko zoben toshe yoyo ba. Idan wurin da aka ɗaura shi akwai zafi mai tsanani ko asid, galibi ana yin sa ne da wani jinsin roba mai ɗauke da sinadarin fulorin. A kasuwa duka ana kiransu Teflon, alhali kuwa kowanne da aikinsa da kuma farashinsa.

Uwar wannan jinsi ita ce PTFE, wadda Roy Plunkett, masanin sinadarai na kamfanin DuPont a Amurka, ya gano a shekarar 1938 yayin da yake binciken iskar sanyaya firiji. Teflon sunan kasuwa ne kawai, kuma tun 2015 yana hannun kamfanin Chemours.

Abubuwa huɗu ne suka ɗaukaka darajarta. Tana aiki daga sanyin digiri 200 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 260 a ma'aunin Salshiyos. Kusan babu asid ɗin da ke cin ta. Tana da santsi ƙwarai, don haka ƙarfe na iya gogar ta ba tare da an sa mai ba. Sannan wutar lantarki ba ta ratsa ta. Wannan ne ya sa matatun mai da masana'antun taki da na abinci da na magunguna suka dogara da ita.

Sai dai ba a zuba ta a mazubi kamar robar bokiti, domin ko ta narke ba ta gudana. Garinta ake matsewa a gasa, a fitar da sanduna da faifai, sa'an nan a sassaƙa su a kan inji. Babban rauninta shi ne laushi. Idan aka danne ta na dogon lokaci takan baje a hankali, har yoyo ya dawo.

Domin magance haka ake cakuɗa ta da wasu abubuwa, kuma a nan ne darajojinta suka rabu. Tsantsarta fara ce sol, ita ce ta dace da abinci da magani da aikin lantarki. Mai zaren gilashi, yawanci kashi 15 ko 25 cikin 100, ta fi jure danniya, amma tana cin sandar ƙarfe mai laushi. Mai kabon baƙa ce, ta dace da ruwa da tururi. Mai tagulla, kashi 40 zuwa 60 cikin 100, ta fi sauran ɗaukar nauyi, sai dai ba ta shiri da asid kuma ba a sa ta a aikin lantarki. Akwai kuma wadda ake sake sarrafawa daga ragowar sassaƙa, mai araha, wadda ba ta kai sabuwa ƙarfi ba.

Ban da PTFE akwai danginta. PFA na jure zafi kusan daidai da ita kuma ana iya narkar da ita a zuba, amma ta fi tsada. PVDF ta fi tauri, ana yin bututu da famfon sinadarai da ita, sai dai iyakarta wajen digiri 150. PCTFE kuwa ba ta baje wa da sauƙi ko a tsananin sanyi, shi ya sa ake yin mazaunin bawul da ita a harkar iskar gas da aka mayar ruwa, irin wadda Nijeriya ke fitarwa daga Bonny tun 1999, wadda ake ajiyewa a kusan digiri 162 ƙasa da sifiri.

Saboda haka kada ɗan kasuwa ya yi odar "Teflon" kawai. Ya rubuta sunan robar, da abin da aka cakuɗa da adadinsa, da zafin wurin aiki, da sinadarin da za ta taɓa, ya kuma nemi takardar shaidar inganci. Nauyi ma kan tona asirin jabu, domin PTFE ta kusa ninka nailan a nauyi. Masu sassaƙa su lura cewa girmanta na canzawa da zafi fiye da na ƙarfe, don haka a bar ta ta huce kafin a auna. Haka kuma a guji shan taba kusa da ƙurarta, domin hayaƙinta na haddasa zazzaɓi.

Ta fuskar farashi, abubuwa biyu ne abin lura. Ƙasar Sin ce kan gaba wajen haƙar ma'adinin da ake samun fulorin daga gare shi. Sannan a 2023 Jamus da Holan da Denmak da Norwe da Suwidin sun gabatar wa hukumar sinadarai ta Turai shawarar taƙaita dangin sinadaran PFAS, waɗanda waɗannan robobi ke ciki. Ga mai sayen kaya da kuɗin waje, kowane kuskuren oda biya biyu ne, ga kuma asarar kwanakin da inji zai yi a tsaye.