Wahalar Girka Manhaja da Tasirinta ga Masu Koyo

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, domin kowa ya iya amfani da ita, ya gyara ta, ya kuma rarraba ta, galibi a kyauta. Duk da wannan garaɓasa, masu koyon ƙirƙirar manhaja da dama sukan karaya tun a matakin girka ta a kwamfuta.

Babban dalili shi ne, irin wannan manhaja takan dogara ne ga wasu ƙananan manhajoji. Idan aka rasa ɗaya, ko aka sami wadda ta tsufa, sai aiki ya tsaya cik.

Tarihin Linux misali ne mai kyau. Lokacin da Linus Torvalds ya fito da ita a 1991, sai gwani ke iya girka ta. A ƙarshen shekarun 1990 Debian ta samar da APT, wadda ke nemo manhajojin da ake buƙata da kanta. A 2004 kuma Ubuntu ta ƙara sauƙaƙa aikin, masu amfani da Linux suka ƙaru. Ke nan, kasancewar manhaja kyauta bai wadatar ba, sai ɗan koyo ya iya girka ta da kansa.