Apathy: Kalmar Turanci Mai Nufin Halin Ko-in-kula

Apathy kalma ce ta Turanci da ke nufin mutum ya daina jin komai game da abin da ya kamata ya dame shi. Ba ya murna, ba ya fushi, ba ya kuma yunƙurin yin wani abu. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne halin ko-in-kula, ko halin ko-oho, a wani wurin kuma mutuwar zuciya.

Asalinta daga Girkanci ne, apatheia, wato rashin jin ɗaci ko daɗi a rai. A wurin masana falsafar da suka bi koyarwar Zeno a birnin Atina, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yabo ce: mutumin da fushi da tsoro da kwaɗayi ba sa juya shi. Ta shiga Turanci wajajen shekarar 1600, daga baya ma'anarta ta koma zargi, kuma haka take har yau.

Ɗalibin Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992 kuma take da harabarta a Dungu, kudu da birnin Tamale a Ghana, zai ci karo da kalmar a wurare biyu da ba su yi kama ba.

Na farko fagen siyasa ne. Bayan zaɓen 7 ga Disamba 2024, jaridu da gidajen rediyon Ghana sun yi ta maimaita ta, domin kusan kashi 61 cikin 100 na masu rajista ne suka kaɗa ƙuri'a, alhali a 2020 an kai kusan kashi 79. Ƙuri'un John Mahama, wanda ya lashe zaɓen, sun ɗan ƙaru ne kawai, na jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin kuwa sun ragu da kusan miliyan 2. Sai dai a nan ana yawan yi wa kalmar hawan ƙawara. Wanda tsadar rayuwa ta fusata shi ya zauna a gida don ya hukunta jam'iyyarsa, ai ya damu ƙwarai. Mai halin ko-in-kula na gaskiya shi ne wanda ke cewa kowa ya ci, ko a jikinsa.

Na biyu shi ne asibiti, kuma a nan ne kalmar ta fi nauyi. A farkon shekarun 1990 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Robert Marin ya bayyana ta a matsayin larura mai zaman kanta, wato raguwar himma, ya kuma fitar da ma'aunin gwada ta. Ana ganin ta ga masu cutar mantuwa ta Alzheimer, da cutar Parkinson mai sa karkarwa, da waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki, idan cutar ta taɓa sashen gaba na ƙwaƙwalwa da hanyoyin da ke tura mutum ga aiki. Ta bambanta da ciwon damuwa, ko da yake sukan haɗu. Mai damuwa yana cikin ƙunci, yana kuka, yana zargin kansa. Mai halin ko-in-kula kuwa ba ya kokawa da komai, zaune kawai yake. Misali, dattijon da a da shi ne farkon zuwa masallaci da asuba, yanzu sai an ce masa ya yi wanka, aka kawo masa jikan da aka haifa bai ko ɗaga kai ba.

Abin takaici, iyali sukan ɗauki wannan a matsayin lalaci, ko taurin kai, ko tsufa, wasu ma su ce asiri aka yi masa. Faɗa ba ya gyara shi. Abin da ke taimakawa shi ne tsara masa ayyukan yini, da janyo shi cikin hira da hidimar gida, da duba cutar da ta haifar da halin. Duk gidan da ya ga babba ya sauya haka, musamman bayan shanyewar jiki, ya kamata ya kai shi ga likita, a Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa.