Me Ke Sa Ma'aikaci Ƙwazo? Labarin Masana'antar Hawthorne

Duk wanda aka ɗora wa shugabancin mutane, ko a biro ne, ko a masana'anta, ko a ƙungiyar manoma, akwai tambayar da ba ta barinsa: me ke sa ma'aikaci ya zage damtse, me kuma ke sa ya ja jiki? A ƙasar Amurka an yi shekara takwas ana neman amsar wannan tambaya cikin masana'anta guda. Abin da aka gano ya kamata mu san shi.

Masana'antar ita ce ta Hawthorne, kusa da birnin Shikago, ta kamfanin Western Electric mai ƙera kayan wayar tarho. A shekarar 1929 mutum fiye da dubu 40 ke aiki cikinta. An soma binciken a 1924 da tambaya mai sauƙi: in an ƙara hasken fitila a ɗakin aiki, aiki zai ƙaru? Aka ƙara haske, aiki ya ƙaru. Aka rage haske, masu binciken suka ce aiki bai ragu ba. Abin ya ɗaure musu kai.

A 1927 sai suka ware mata biyar masu harhaɗa wasu ƙananan na'urori na tarho, da ta shida mai kawo musu kayan haɗi, suka sa su ɗaki na dabam. Aka ba su hutu na minti biyar, daga baya minti goma. Aka riƙa ba su ɗan abin taɓawa da hantsi. Aka rage musu lokacin aiki. Kafin a canza komi, sai an nemi shawararsu. Maimakon mai tsawa a kansu, aka zaunar da mutum guda yana rubuta abin da ke gudana, yana hira da su. Aiki ya yi ta ƙaruwa. A 1928 aka janye hutun da abincin na tsawon sati 12, aka mai da su ga awa 48 a sati kamar da. Duk da haka abin da suke haɗawa a sati bai faɗi ba, har ya zarce na baya.

Elton Mayo, malami a jami'ar Harvard, mutumin ƙasar Ostareliya, shi da abokan aikinsa suka fassara abin kamar haka: matan sun ga an ɗauke su da daraja, ana sauraronsu, sun kuma zama tsintsiya ɗaya. Da ma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kamfanin ya ɗauki maganar da muhimmanci: daga 1928 zuwa 1930 aka zauna da ma'aikata wajen dubu 21, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Gwaji na ƙarshe, daga 1931 zuwa 1932, ya nuna wata fuska dabam. Maza 14 ne masu haɗa wayoyi, ana biyansu gwargwadon abin da suka yi gaba ɗayansu. Aka iske sun yanka wa kansu iyakar aikin yini, ba su wuce ta. Wanda ya cika sauri, ƴan uwansa su yi masa ba'a, har su ɗan nushe shi a damtse. Dalilinsu shi ne tsoro: in suka nuna za su iya fiye da haka, za a ƙara musu kaya, ko a rage farashin aikin, ko a kori marasa sauri. Lokacin kuwa tattalin arzikin Amurka ya karye tun 1929, ana ta sallamar ma'aikata. Ashe a wurin aiki akwai dokar shugaba, akwai kuma dokar da ma'aikata suka kafa tsakaninsu, wadda ba a rubuta ba.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Masanan da suka sake duba takardun sun tono abubuwan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Tun farkon gwajin an canza yadda ake biyan matan biyar: kuɗinsu ya koma bisa aikin su biyar ɗin, ba na babban sashe ba, saboda haka kowace ta ga amfanin guminta a hannu. Hakanan a farkon 1928 an fitar da biyu daga cikinsu don an ce sun cika surutu, aka kawo wasu. Ɗaya daga cikin sabbin tana ɗauke da nauyin gidansu, ita ce ta riƙa ingiza sauran. A 2011 kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka buga nazarinsu kan lissafin gwajin fitila na asali. Sun iske ranar Lahadi ake canza hasken, aiki kuwa yakan tashi ranar Litinin ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba.

To, ƴan uwa, ina darasin yake? Sauraron ma'aikaci da neman shawararsa abu ne mai amfani, kuma ba ya cin ko dala. Sai dai daɗin baki ba ya maye gurbin albashi, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shugaban da ya ga aiki ya yi sanyi a hannunsa, kafin ya ce mutanensa ragwaye ne, ya tambayi kansa abu uku. Ana biyansu haƙƙinsu kan lokaci? Wanda ya yi ƙoƙari yana ganin sakamakonsa? Akwai abin da suke tsoro in sun ƙara himma? In ya rasa amsa, ya tashi daga kujerarsa ya je ya tambaye su, su ne suka sani.