Dalilin da ya sa launin hoto ke sauyawa tsakanin allon kwamfuta da takarda

Mai ɗaukar hoto kan shafe sa'o'i yana gyaran hotunan biki a kwamfutar tafi-da-gidanka, amma idan aka buga su a takarda sai a tarar fuskar amarya ta yi duhu, farin leshinta kuma ya koma rawaya. Sau da yawa kyamara da injin bugawa lafiyarsu ƙalau. Allon da aka yi gyaran a kansa ne bai nuna ainihin launin ba.

Yawancin kwamfutoci na fitowa daga kamfani da allo mai tsananin haske, wanda farinsa ya karkata zuwa shuɗi. Mai gyara yana ganin hoton ya yi haske sai ya rage, yana ganin shuɗi ya yi yawa sai ya ƙara rawaya. Takarda kuwa abin da ke cikin fayil take fitarwa, don haka kuskuren ke bayyana bayan an kashe kuɗin bugu.

Maganin shi ne daidaita allon da na'urar auna launi, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko na'urorin Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, manhaja ta riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya, na'urar tana auna abin da allon ya fitar. Daga nan manhajar ke samar da fayil ɗin ICC, wanda ke gyara bambancin.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne fari mai lamba 6500 a ma'aunin Kelvin, da gamma 2.2, da haske tsakanin kandela 80 zuwa 120 a kowace murabba'in mita. Farin da gamman sun dace da tsarin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, kuma a kansa akasarin hotunan intanet suke.

Kafin a fara, a bar allon a kunne na kimanin minti 30, a jona caja, domin tsarin tattalin batir yana rage haske. A kashe Night Light a Windows, ko Night Shift da True Tone a Mac, da kuma tsarin da ke sauya haske da kansa. Kada hasken rana ya faɗo kan allon. Ana maimaita aikin kusan duk wata, saboda allo na sauyawa yayin da yake tsufa.

Sai dai daidaitawa ba ta ƙara wa allo launin da ba zai iya fitarwa ba. Allo mai arha nau'in TN yana sauya launi da zarar an ɗan karkata shi. Mai irin wannan kwamfuta ya fi masa ya haɗa ta da allo na daban nau'in IPS, sannan ya buga hoto ɗaya na gwaji ya kwatanta kafin ya miƙa dukkan aikin ga mai bugawa.