Bayan Ambaliya, a Kula da Ruwan Sha

A watan Satumba na 1994, da kuma Satumba na 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. To, ku sani janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen wahala ba.

Ambaliya takan kwashe ƙazantar masai ta zuba a rijiya. Wanda ya sha, sai amai da gudawa. Saboda haka a tafasa ruwan sha, ya yi minti 1 yana tafarfasa, a rufe tulu. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

In yaro ya kamu da gudawa, a dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin tafasasshen ruwa lita 1. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a garzaya da shi ɗakin shan magani, kada a jira gobe.

Kada a ratsa ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba. Kada a kwana jikin jiƙaƙƙen bangon ƙasa. A cike kududdufai, a kwana cikin gidan sauro.

Allah ya kiyashe mu, amin.