Ranar Da Wuta Ta Tafi Da Lissafin Bashina

'Yan'uwa fatake da dillalai, akwai asarar da ba ɓarawo ke jawo ta ba, ba kuma ciwon dabbobi ba, amma tana iya raba mutum da kuɗin bijimi yana zaune. Ni ta same ni, shi ya sa nake ba ku labari.

A Kambole nake sana'ata, yankin Tchamba, dab da iyakar Binin. Shanun da muke ɗaukowa daga Sinkase da Dapaong mu gangaro ta Kara zuwa Sokode, yawancinsu bashi muke ba mahauta. Da can a littafi nake rubutawa, sai yarona ya ce, "Baba, zamani ya wuce nan," ya kwashe lissafin ya zuba a filashi. Ran nan yana wani shagon kwamfuta a Sokode, ya shigar da cinikin mako yana cikin adanawa, sai wuta ta ɗauke. Da muka isa Dapaong muka sa filashin a wata kwamfutar, sai ta ce sai an yi masa fomat. Nan take wani mahauci ya ce sa 4 nake bin sa, alhali na san 6 ne.

Daga baya wani mai gyara ya fahimtar da ni. Ashe kwamfuta rubutu biyu take yi: tana zuba bayanin a wurare dabam-dabam cikin filashin, sannan ta rubuta a wani jadawali inda ta ajiye kowane yanki. Kamar a kara ne, shanu suna turke, magatakarda kuma yana rubuta na wane ne a ina. To in wuta ta yanke an ɗaure shanu ba a rubuta ba, ko an yi rabin rubutun, dukiya tana nan amma ba mai iya nuna ta. Wani abin kuma, ko ta nuna maka ta gama, wani lokaci bayanin yana cikin ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar wuta ta tafi.

Filashi da katin memori galibi da tsarin FAT32 ko exFAT suke zuwa, kuma waɗannan ba su da littafin ko-ta-kwana. NTFS, wanda Microsoft ya fito da shi a 1993, yana fara rubuta abin da zai yi kafin ya yi, saboda haka in wuta ta dawo yakan daidaita jadawalinsa. Amma kada wannan ya ruɗe ku, jadawalin yake karewa, abin da kake cikin rubutawa yana iya salwanta duk da haka.

Maganin farko shi ne kwamfutar tebur ta samu UPS, abin da masu kanti a Togo ke kira onduleur, batir ne mai riƙe ta 'yan mintoci har ka adana ka kashe. Ni yanzu shagon da ba shi da shi ba na bari a sa filashina. Laftof da batirinta ke da rai ta huta da wannan. Kada a fizge filashi sai an umarci kwamfuta ta sake shi, haka katin waya. Kowane mako a adana lissafi da sabon suna mai kwanan wata, domin in na yau ya lalace na makon jiya yana nan, a kuma tura kwafi a waya ta biyu. Hoton takardar likitan dabbobi da ta kwastan ma haka.

In abin ya riga ya faru, kada ku yarda da fomat, kada ku sa komai sabo a ciki, don sabon zai hau kan tsohon ne. Akwai manhajar kyauta mai suna PhotoRec wadda ke bin filashin lungu-lungu ba tare da jadawali ba. Da ita aka ceto mini lissafin, sai dai na makonni uku baya ne, kuma shanu biyun da ake gardama a kansu bayan nan aka ba da su. Sai da dillalin da ya ci la'adarsu ya zo ya ba da shaida gaban Sarkin Fawa kafin mutumin ya amsa, har yanzu kuma kuɗin ɗaya bai shigo hannuna ba. Littafina na takarda na koma da shi aljihu, mahauci yana sa hannu a gaban shaidu biyu, yaro kuma ya kwafa a kwamfuta da dare.